Zaren Sarƙar Safiyatu

Shekara uku cur Uwaisu ya yi yana yi wa matarsa Safiyatu alkawarin sarƙa, har ya koma ga Mahaliccinsa sarƙar ba ta hau wuyanta ba.

Ba ta zinariya ake magana ba, wannan ko a hira ba su taɓa kawo ta ba. Shi kafinta ne a wani kamfani a Sharada, aikinsa haɗa akwatunan katako da ake zuba kaya. Ita kuwa ɗinkin bakin buhu take yi a wani kamfanin a Challawa. Wata rana ya dawo gida da guntun maɗaci a aljihu, ya ce zai sassaƙa mata abin wuya da hannunsa, irin wanda babu macen da ke da shi daga Panshekara har cikin birni. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce mutumin da bai iya komai ba sai buga ƙusa, ina shi ina kayan ado? To amma mace ce, maganar ta shige ta. Duk salla, in ta gama kwalliya, sai ta shafa wuyanta ta ce masa wuya yana gaisuwa. Shi kuma ya ce sannu ba ta hana zuwa. Ita ta ƙarasa masa da cewa sai dai a daɗe ba a je ba.

Zazzaɓi ne na kwana huɗu ya ɗauke shi. Shekararsu goma sha ɗaya tare, Allah bai ba su haihuwa ba, don haka da aka fita da shi sai ɗakin ya zama babu abin da ke motsi a ciki sai ita.

Ranar addu'ar bakwai Baba Ya'u ya zo. Dattijo ne, shi ne babba a wurin aikin su Uwaisu, a gefen bencinsa marigayin ya yi shekara tara. Ya kawo abin da aka samu a akwatin ajiyar marigayin na wurin aiki: rigar aiki, da silifas, da wani gwangwanin madara mai murfi. Da yake maza suna waje, a hannun Malam Sanusi ya damƙa kayan.

Malam Sanusi yayan Uwaisu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe shi tun iyayensu suka rasu a wani ƙauye wajen Ringim, shi ya kawo shi Kano, shi ya nema masa auren Safiyatu. Limami ne a masallacin unguwarsu a Zawaciki, mutum ne mai tsare gida, wanda dariyarsa sai an yi sa'a. Da jama'a suka watse ya yi sallama ya shigo, ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta. Ya ce mata duk abin da ke cikin ɗakin nan nata ne, gado da katifa da fanka da komai, bai yarda a taɓa ko tsinke ba. Abu ɗaya kawai yake roƙo. Ya buɗe gwangwanin ya karkato mata shi.

Ƙwayoyin katako ne, kowacce an zagaye ta an huda, an goge ta har tana sheƙi. Safiyatu ta tuna da alkawarin sarƙarta. Kafin ta buɗe baki Malam ya ce ya ƙirga su a waje, arba'in da ɗaya ne daidai, adadin da ake karanta Yasin. Ashe yaron nan carbi yake haɗawa bai gaya wa kowa ba. 

"Ki shirya mana shi a zare, tunda ke kina da hannu," in ji shi. "Ranar da kika fita takaba zan karɓa in kai masallaci. Duk wanda ya ja, ladan zai iske shi a kabarinsa."

To, wane baki ne zai yi gardama da wannan? Mutumin da ya bar mata komai, ya roƙi abu ɗaya, abin kuma don mamacin ne. Ta sunkuyar da kai ta ce to, Allah Ya saka da alheri.

Bayan ya tafi ta zauna da gwangwanin a cinyarta ta yi kuka, ba irin kukan da ta yi kwana bakwai tana yi ba. Wancan na rashi ne, wannan kuwa na shakka. Ita ba ta taɓa ganin ƙwayoyin nan ba, ko sau ɗaya bai taɓa kawo su gida ba. Wataƙila gaskiyar Malam ce. Wataƙila tuntuni Uwaisu ya watsar da zancen sarƙa, yana dai amsa mata ne don kada ta ji babu daɗi, lahirarsa yake gyarawa ita tana nan tana shafa wuya. Ba ta ƙi ya nemi lahira ba. Amma tana so ta san ko a cikin awannin da ya ɓata yana goge katakon nan, ita ce a ransa.

Takaba wata huɗu ce da kwana goma, babu kwalli, babu lalle, babu turare, balle abin wuya. Kamfani ya ba ta kwana arba'in, daga nan ta koma aiki cikin hijabinta mai duhu, don baki ba ya takaba. In ta dawo da yamma ta yi la'asar, sai ta shimfiɗa ɗankwali a kan tire ta juye ƙwayoyin, don kada su gangare. A ƙasan gwangwanin akwai tarkacen zare kala-kala, duk guntaye, duk a tsinke. Ta kwashe su ta ƙulle a leda, tana cewa a ranta halin Uwaisu ke nan, ko ƙusa ta lanƙwashe ba ya iya yarwa.

Katako iri uku ta gani. Akwai jan maɗaci, akwai ƙirya mai duhu da nauyi, akwai kuma wani fari mara nauyi, irin na akwatunan da injuna ke zuwa a ciki daga waje. Girmansu ma ba ɗaya ba ne. Babbar cikinsu ta kai ɗinya, baƙa wuluk, ƙananan kuwa ba su fi ƙwayar gyaɗa ba. Malam ya lura da haka tun ranar farko, ya ce hannun mai haɗa akwati ne, ba za a nemi daidaito a wurinsa ba.

Sai da ta yi mako tana juya su sannan ta ga wani abu. In ka cire babbar, kowace ƙwaya tana da 'yar'uwa, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya. Ta ajiye baƙar a tsakiya, ta sa ja a damanta, ja a hagunta. Ta bi da fari, sai ta ga farin ya yi tsawa kusa da tsakiya, ta cire shi ta matsar baya. Ta gwada ja biyu, baƙa ɗaya, ja biyu. Ya yi nauyi a ido. Ta rushe ta sake. Wata rana ta jera su daga babba zuwa ƙarami ba ta kula da launi ba, sai launin ya shirya kansa: duhu a tsakiya, ja yana hawa gefe da gefe, fari can sama inda zai kwanta a bayan wuya. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta tsawata wa kanta, ta ce zuciya in tana son abu ko a bango sai ta gan shi a rubuce. Mai yin carbi ma ai yana iya yanka katako biyu-biyu don sauƙin aiki.

Zare kuwa ba ta sha wahalar nema ba. Wanda suke ɗinke bakin buhu da shi ta roƙo wurin shugabar layinsu, ragowar da ake zubarwa. Zare ne da ke riƙe buhun shinkafa a jefa shi daga kan tirela bai ce uffan ba, ko akuya ka ɗaure da shi sai dai ta haƙura. Ta ninka shi biyu ta zura ƙwayoyin, ta ƙulle tam. Ko carbi ne ko sarƙa ce, aikin hannun Uwaisu ba zai watse a ƙasa ba.

Saura kwana tara ta fita, ranar wata Lahadi da hantsi, Baba Ya'u ya zo gaisuwa tare da matarsa. Matar ta shiga ciki, shi aka shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofa. Bayan an gaisa an yi wa mamaci addu'a, Safiyatu ta miƙa wa matar abin da ta shirya, ta ce a nuna wa Baba ya ga carbin abokinsa.

Dattijon ya karɓa ya juya shi a tafin hannu. Ya naɗe shi a yatsu ya ja, ya ƙara ja da ƙarfi. Sai fuskarsa ta canza.

"Wa ya ce ki sa wannan zaren?"

Ta ce babu kowa, ita ta ga ya fi ƙarfi.

"Ai ƙarfin ne aibinsa. Shi ne na farko da ya gwada, shi ne kuma na farko da ya ƙi."

Daga nan ya kwance mata labarin da ya ɗauka ta sani. Ya ce ƙwayoyin nan Uwaisu ya gama su tun shekara biyu da suka wuce, a lokacin hutun cin abinci, da zarto da magagari da samfefa, yana shafa musu man kaɗe. Zare ne ya tsayar da shi. Akwai wata ƙusa da ya kafa a jikin bishiyar dogon yaro da ke bayan wurin aikinsu. Duk zaren da ya samo, sai ya ɗaura a ƙusar ya rataya masa guduma. In ya tsinke, ya ce wannan ba zai yi mako a wuya ba. In bai tsinke ba, sai ya rataya masa galan cike da ruwa ya fizga. Wanda ya jure wannan ma sai ya yanke shi da wuƙa ya jefa a gwangwani, ya ce wannan makashi ne. Abokan aiki har suna suka sa masa, wai injiniyan zare. Duk duniya ana neman igiya mai ƙarfi, shi yana neman wadda za ta tsinke.

Baba Ya'u ya ce shi ma sai da ya gaji ya tambaye shi. Uwaisu ya ce masa matarsa a gaban inji take wuni, kuma ita da bakinta ta ba shi labarin wata Aina'u.

Safiyatu ta dafe ƙirji. Aina'u abokiyar aikinta ce, har yanzu layinsu ɗaya. Shekarun baya ta sunkuya za ta cire zaren da ya harɗe, sarƙar da ke cikin rigarta ta zamo, bel ɗin inji ya kama. Sarƙar ƙarfe ce, ba ta tsinke ba. Kafin a kashe wuta ta shaƙe ta, ga tabon nan har yau, muryarta ma ba ta koma daidai ba. Tun daga ranar kamfani ya hana sa abin wuya, mata kuma suka ci gaba da sawa a ƙarƙashin riga, don doka daban kwalliya daban. Safiyatu ta ba Uwaisu labarin ne suna cin tuwo, kamar yadda ake ba da labarin wurin aiki, washegari ta manta ta faɗa.

"Na ce masa to ka hana ta zuwa aiki da ita mana," in ji Baba Ya'u. "Ya yi dariya ya ce, Baba, ba ka san Safiya ba. In na ba ta abu da hannuna, ko wanka ba za ta cire ba."

Matar Baba Ya'u ce ta riƙe ta. Ta yi kuka sosai, amma a ƙarƙashin kukan akwai wani sanyi da rabonta da shi tun ranar bakwai. Ta kuma ji haushinsa, haushi na gaske, irin wanda ake ji da mai rai. Shekara biyu tana yi masa gori a kan alkawari, ya bar ta tana yi, bai taɓa cewa ga dalili ba.

Ta ɗauko ledar tarkacen ta miƙa. Dattijon ya tona da yatsa ya zaro wani guntu mai ruwan ƙasa, zaren ɗinkin hula ne ninki biyu. Ya ce wannan ne na ƙarshe, ana saura 'yan kwanaki ya kwanta. Ya riƙe guduma, ya tsinke a galan. Uwaisu ya ce wannan da dama-dama, amma bari ya ƙara dubawa. Har ya bar duniya bai sami wanda hankalinsa ya kwanta da shi ɗari bisa ɗari ba.

Baba Ya'u ya ce shi zai je Zawaciki da kansa ya yi wa Malam bayani. Safiyatu ta roƙe shi kada ya je. Ta riga ta ce to, alkawari kuwa kaya ne. Malam uba ne a wurin marigayi, shi ma ba shi da wani abu na hannun ƙaninsa, ba za ta aika masa da baƙo ya karɓe ɗan abin da ya riƙe yana rarrashin zuciyarsa ba. Abin da take son sani ta sani, ya ishe ta. Haka ta faɗa, kuma rabin maganar gaskiya ne. Sauran rabin, Allah kaɗai Ya san yadda take son ta ji nauyin katakon nan a wuyanta ko na wuni ɗaya.

Abu ɗaya ne ta kasa. Ta kasa barin ƙwayoyinsa a kan zaren da ya kira makashi. Washegari da ta taso aiki ta biya wurin masu ɗinkin hula a Panshekara da guntun a hannunta, ta samo irinsa. Ta sa reza ta yanke na buhun, da ƙyar ma ya yanku. Ta sake jera su yadda suka shirya kansu, duhu a tsakiya, fari a sama, ta zura a sabon zaren ninki biyu. Ba ta gwada a wuyanta ba, tana cikin takaba. A tafin hannu kawai ta auna, ta mayar cikin gwangwani.

Ranar fita ta zo. Da safe ta yi wanka ta sa sabuwar atamfar da matar Malam ta ɗinko mata, aka yi mata kitso, ta zizara kwalli, ta dubi madubi ta ga wata mata da ta rame. Aka soya waina aka raba sadaka, 'yan'uwa da abokan aiki suka cika gidan. Bayan la'asar Malam Sanusi ya iso, aka shimfiɗa masa darduma a tsakar gida, ya yi doguwar addu'a aka shafa. Safiyatu ta shiga ɗaki ta fito, ta durƙusa a gabansa ta miƙa masa da hannu biyu.

Ya karɓa da bisimilla. Ya ɗan tsaya yana duban yadda aka jera. Sannan ya yi abin da duk mai jan carbi yake yi da sabon carbi: ya saƙala shi a manyan yatsunsa biyu ya fizga don ya ji ƙarfin zaren.

Zaren ya tsinke. Ƙwayoyi suka watsu a kan siminti, wasu suka nufi rariya, wasu suka shige ƙarƙashin tabarmar mata.  Malam ya dubi guntun da ya rage a hannunsa, ransa a ɓace, ya tambaye ta duk zaren da ke garin Kano ta rasa wanda za ta sa sai na hula?

"Ku gafarce ni, Malam," in ji ta, kanta a ƙasa. "Wanda ƙaninku ya zaɓa ne."

Ba ta yi niyyar ƙarawa ba, amma ya ce ta yi bayani, ta yi. Ta faɗi ƙusar jikin dogon yaro, da guduma, da galan. Da ta zo kan Aina'u sai ta yi shiru, don matar tana zaune a cikin mata. Aina'u da kanta ta janye mayafinta kaɗan daga wuya, tabon ya bayyana.

 Mata suka yunƙura za su tsince ƙwayoyin, Malam Sanusi ya ɗaga musu hannu. Mutumin da ko almajiransa manya ba su taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba sai a salla, shi ne ya tattare babbar rigarsa ya bi siminti yana tsinta ɗaya bayan ɗaya, har bakin rariya. Hawaye na bin gemunsa bai share ba. Ya dawo ya zuba su a tiren da ta ɗauko.

"Ni na yi kuskure," in ji shi. "Na ga arba'in da ɗaya, ban ƙara duba komai ba. Wannan naki ne, Safiya. Ƙirga ki gani ko sun cika."

Ta ƙirga, tana haɗa kowace da 'yar'uwarta. Baƙar tana nan, fararen suna nan. Wata 'yar ƙaramar ja ce ta rage ita kaɗai, babu abokiyar zama. Arba'in. Ta ɗago za ta ce a duba ƙarƙashin darduma, sai idonta ya sauka a kan hannun hagun Malam. Yana kan gwiwarsa, a dunƙule, jijiyoyin sun tashi. Shi kuma bango yake kallo, kamar yaron da ya ɗauki abu yana jiran a kama shi.

Ta san in ta shirya su haka, gefe ɗaya zai fi ɗaya tsawo, baƙar ba za ta taɓa zama daidai tsakiyar ƙirjinta ba.

"Sun cika, Malam," in ji ta.

Ya gyaɗa kai bai dube ta ba. Ya miƙe ya yi sallama, hannun yana cikin aljihu har ya fita. Ita kuma ta jawo tiren gabanta, ta ce wa Aina'u ta miƙo mata zaren hular da ke kan taga.